Wata Shida Bakin Banakulu Lombe a Ɗaure

Har na kai shekara tara a duniya ina zaton Banakulu Lombe wani irin barkono ne. Duk ranar da miya ta yi yaji a gidanmu na Kabwe, babana zai kurɓi ruwa, ya share ƙwalla, ya ce wa mamata, "Yau kuma Banakulu Lombe kika zuba mana?" Ita kuma ta ce, "Kaɗan fa na sa." Wata rana na bi Mama lambu na ce ta nuna mini inda ake shuka shi. Ta yi dariya har ta zauna a kan kunyar dankali. Da ta samu numfashi ta ce, "Yayar kakarki ce, tana Ndola. Kuma barkono bai kama ƙafarta ba."

Bayan shekara biyar aka kai ni wurinta don in yi sakandare, na zauna da ita shekara huɗu a unguwar Chifubu. Ni ce nake riƙe da littafin danginmu, inda ake rubuta haihuwa da aure da mutuwa, saboda haka abin da na gani da idona shi zan faɗa, wanda ban gani ba kuma na tambayi waɗanda suka gani.

Gajeriya ce, ba ta da jiki, in ta zauna a bayan tiren kifinta a kasuwa sai ka zo kusa za ka gan ta. Amma tun daga bakin titi za ka ji ta. Ƙananan busassun kifi take sayarwa, da busassun tsutsotsin itace idan lokacinsu ya yi, da su ta riƙe 'ya'ya shida bayan mijinta ya rasu. Ba ta taɓa dukan kowa ba, ba ta taɓa buƙata ba. Wani kwandastan bas ya taɓa ce mata ta matsa, ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Ɗana, da uwarka ta san haka za ka fito, da kaza ta kiwata." Har ya bar aikin ana kiransa Kaza.

Maƙwabciyarta ta shekara talatin ita ce Amai Soko, matar tela. Su 'yan ƙabilar Ngoni ne, mu Bemba, abokan wasa tun kakanni: su ce mana maciya birai, mu ce musu maciya ɓeraye. Kowace safiya, kafin ko wuta a hura, za ka ji su ta kan shinge.

"Ke maciyar birai, kin tashi? Jiya na ji danginki suna ta ihu a kan mangwaro, ko gudunki suke yi?"

"Na tashi, 'yar ɓeraye. Goge bakinki, ga wutsiyar karin kumallonki tana leƙowa."

Daga nan sai wannan ta miƙa wa waccan gishiri, waccan ta miƙo garwashi. Baba Soko yana kan kekensa na ɗinki a baranda, shi ma yana da nasa rabon. Kullum sai Banakulu ta tambaye shi ko yau Allah zai nufa ya ɗinka wando mai ƙafa biyu daidai. Sai ya yi murmushi ya ce, "Ƙafafun Bemba ne ba su daidaita ba, hawan bishiya ya karkatar da su."

Abu ɗaya ta mallaka da take ji da shi: kayan zumuntar mata na cocinmu. Farar riga, baƙin siket, farin ɗankwali. Shekara talatin da ɗaya tana sa su kowace Alhamis da Lahadin cin jibin Ubangiji. Da ruwan rogo take sa wa rigar sitaci, ta goge da dutsen guga na gawayi, har rigar tana iya tsayawa ita kaɗai. A wurinmu macen da ta mutu tana cikin zumunta da kayan nan ake binne ta, 'yan'uwanta mata su jeru fari fat suna waƙa har bakin kabari. Wadda aka karɓe wa riga kuwa, da zanen gida take tafiya, kowa ya gani. Banakulu tana da shekara sittin da takwas a lokacin, kuma ba ta wasa da wannan magana.

A babban taron shekara ne bakinta ya ja mata. An yi baƙi daga garuruwa, matar Dattijo Simfukwe, ɗaya daga cikin dattawan coci, ce ta tuƙa nshima, tuwon masararmu, ya fito da gudaji. Banakulu ta ɗaga guda ɗaya a gaban baƙi ta ce, "Ashe muna da bulo muke kukan ba mu gama katangar coci ba." Da a nan ta tsaya da ya zo da sauƙi. Sai Dattijo Simfukwe ya tashi yin addu'ar abinci, ya yi ta ja, ya yi ta ja, da ya ce amin ta ce, a zatonta a hankali, "Ƙwan da aka saka da ya fara, yanzu ya zama zakara." Banakulu ba ta da a hankali. Har masu wanke-wanke a waje sun ji.

Majalisar dattawa ta sa ta a horo na wata shida. Aka karɓi rigar aka naɗe aka kulle a kabad ɗin coci. Sharaɗin kuma shi ne, idan ƙara ɗaya ta zo cewa ta zagi wani kafin wa'adin ya cika, rigar ta tafi ke nan.

Fasto Mubita ya rako ta har bakin ƙofa. Ya ce, "Kaka, Ubangijinmu ya tsaya a gaban masu ƙararsa, suna ta zuba masa ƙarya, bai tanka ba. Kina jin amsa ce ya rasa?"

Ta ce, "Fasto, shi ai bai zauna a Chifubu ba."

Ya ce, "Wannan ba zan lissafa ba. Daga gobe za a fara."

Dabararta ta farko gasasshiyar masara ce. Ta cika ƙullin zaninta da ita, duk wanda ya tsokane ta sai ta watsa a baki ta hau tauna. Labari kuwa ya bazu, kasuwa gaba ɗaya ta zo gwada sa'a. Masu tumatir suka riƙa cewa kifinta ya girme ta. Wata yarinya mai sayar da gawayi, wadda a da ko inuwar Banakulu ba ta iya takawa, ta zo ta taya kifi, ta shinshina, ta yamutsa fuska ta ajiye. Banakulu ta ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yata," da wata irin murya da ta sa yarinyar ta je ta duba ko gawayinta ya kama wuta. A mako na uku haƙorinta na ƙasa ya tafi da masarar.

Sai ta koma kan agwagi. Muna da guda huɗu a bayan gida. In ta dawo daga kasuwa sai ta ajiye tire, ta wuce kejinsu, ta tsuguna, ta zazzage musu duk abin da ta haɗiye tun safe, kowace agwagwa da sunan wanda take wakilta. Babban namijin shi ne Dattijo Simfukwe. Ni da kaina na ji tana ce masa, "Dube ka, tafiya kamar an ɗaura maka kujera a baya." Agwagin suka daina ƙwai. Bayan kamar wata guda na ga ta daina zuwa, na tambaye ta. Ta ce, "Jikata, na zauna na yi tunani. Simfukwe ba ya jin abin da nake faɗa a bayan gida. Amma Wanda na yi wa alkawarin, shi ya halicci agwagin." Daga ranar ba masara, ba agwagi, sai dai ka ga wuyanta yana motsi kamar mai haɗiyar ƙwayar magani ba ruwa.

Wadda abin ya fi yi wa ciwo Amai Soko ce. Safiyar farko da ta leƙo ta ce, "Maciyar birai, kin tashi?" sai ta ji an ce, "Lafiya lau, Amai Soko. Ya maigida? Ya yara?"

Ta saki tsintsiya. Ba a jima ba sai ga ta da kwanon kunu, ta taɓa goshin Banakulu ta ce, "Tun yaushe yake damunki? Me likita ya ce?"

Banakulu ta yi mata bayanin horon. Amai Soko ta ce, "To ina ruwan cocinku da ni? Wannan zagi ne? Gaisuwa ce!"

"Simfukwe ya ce zagi zagi ne. Kuma kin ga ta nan yake bi."

Gaskiya ne. Gidansa yana can gabas, aikinsa yana can gabas, amma tun da aka sa horon kowace safiya sai ya biyo ta layinmu a kan keke, yana tafiya a hankali har keken yana neman faɗuwa.

Amai Soko ba ta haƙura ba. Ta rataya ayaba a kan shinge ta ce ko baƙinmu za su sauko daga bishiya. Ta aiko da tsani ta ce a ajiye, tunda tsufa ya hana hawa da hannu. Kowane lokaci Banakulu ta ce, "Na gode, Allah ya saka." Ayabar ma mun ci. Baba Soko ya ɗaga wani wando ta kan shinge, da gangan ya yi ƙafa ɗaya ta fi ɗaya da taƙi guda, ya ce, "Banakulu, ya kika gani?" Ta dubi wandon, ta ce, "Allah ya ƙara basira." Ya naɗe wandon a hankali ya koma ciki. A wata na huɗu Amai Soko ta daina leƙowa. In sun haɗu a famfo sai "ina kwana, lafiya lau," kamar waɗanda suka taɓa kai juna kotu.

A wata na biyar Baba Soko ya rasu. Da hantsi ne, yana kan keken ɗinki, ya kifa kansa a kan yadi, shi ke nan.

In Ngoni sun yi rashi, mu Bemba ne da aiki. Mu ne masu itace, masu girki, masu haƙa kabari, kuma mu ne masu hana gidan nutsewa: a bi masu makoki da garin masara a shafe su fari, a yi wa mamacin tsiya, a ja matar da zolaya har sai ta yi dariya ta ci abinci. A duk Chifubu ba a taɓa yin makokin Ngoni babu Banakulu a gaba ba. Wannan karon ta zo tun kafin kowa, ta ɗora tukwane, ta tuƙa nshima kwana biyu har hannunta ya kumbura, amma ba ta ce uffan ba. Sauran matan Bemba suna jira ta fara, ita kuma ta duƙufa a murhu. Gidan ya yi nauyi. Amai Soko tana zaune a ƙasa a cikin ɗaki, ko ruwa sai an matsa mata.

Ranar jana'iza da safe ƙanen mamacin ya iso daga Chipata, wani dogo mai suna Yotamu, da kwat da jaka. Tun a hanya aka ba shi labari. Bai ko zauna ba ya nufi murhu.

"Ke ce Banakulu Lombe?"

"Ni ce. Sannu da hanya. Ya haƙuri?"

"Kun ji ko? Ya haƙuri!" Ya juya wajen maza da ke zaune a ƙarƙashin rumfa. "Jama'a, a ina aka taɓa ganin Bemba tana yi wa Ngoni ladabi in ba da wani abu a ƙasa ba? An ce wata biyar matar nan ba ta zagi yayana ba ko sau ɗaya. Wata biyar! Mutum yana zaune lafiya, ana zaginsa kullum, yana ƙiba. Ta ɗauke masa baki, ta bi shi da albarka, ta bi shi da albarka, har ya faɗi. Me kika riƙe shi da shi a zuci? Me kika binne a bakin shinge?"

Abin dariya ne in ana ba da labari yanzu, amma a ranar ba wanda ya yi dariya. Wasu daga cikin danginsu suka taso. Wata tsohuwa ta ce ita ma tun jiya take lura, matar nan ko gari ba ta taɓa ba. Wani ya ce a tambaye ta, in ba ta da hannu ta yi magana. Aka zagaye murhu. Yotamu yana nuna ta da yatsa har yana kusan taɓa hancinta, ya kira ta mayya, ya kira ta tsohuwar banza mai warin kifi. A gefe kuma ga Dattijo Simfukwe, ya jingina keke da mangwaro, ya harɗe hannu.

Ina tsaye kusa da ita, na ga amsar ta taso. Na san alamar: ido ya ƙanƙance, kafaɗar hagu ta ɗaga. Kuma ba ƙaramar amsa ba ce. Shekara talatin tana jin sirrin gidan Soko ta kan shinge, ta san wani abu game da Yotamu wanda da ta faɗe shi a gaban mutanen nan, da ko jakarsa ba zai tsaya ɗauka ba. Ta buɗe baki. Ta rufe. Ta kama bakin ɗankwalinta ta cije. Sai ta sunkuya ta ɗauki buta da kwano, ta durƙusa a gabansa yadda ake yi wa baƙo, ta ce, "Ka kwana a mota, ɗan'uwanka kuma yana kwance. Wanke hannu ka ci abinci."

Yotamu ya ci gaba da faɗa na ɗan lokaci, amma faɗa da wanda ya durƙusa yana riƙe da buta wuya gare shi. Ga kuma yunwa. Muryarsa ta yi ta raguwa, har ya miƙa hannu aka zuba masa ruwa.

A cikin wannan shirun ne muka ji muryar Amai Soko daga ƙofar ɗaki. Ta rarrafo ta dafa ƙyaure, muryarta ta dishe.

"Yotamu, rabu da ita, ba ta kashe kowa ba. Rigarta take tsaro." Sai ta dubi Banakulu. "Amma ke, ko yau ma? Ya tafi fa. Ko yau ba za ki ce mini komai ba?"

Banakulu ta dubi ƙawarta. Ta waiga ta dubi Simfukwe, shi ma ya dube ta. Ta ajiye butar. Ta ɗauki ƙwaryar garin masara da ke gefen murhu, cike, ta taka har ƙofar ɗakin, ta juye ta gaba ɗaya a kan Amai Soko.

"Tashi, 'yar ɓeraye! Kukan me kike yi? Mutumin nan gudu ya yi, an kawo masa ɗinkin 'yan makaranta ya ga ba zai iya ba! Ku Bemba, ku je ku laluba aljihunsa, kar ya isa ƙofar sama da gasasshen ɓera ya ba mu kunya. Kuma wani ya aika wa mala'iku su ɓoye rigunansu, in ba haka ba kafin Lahadi kowa hannu ɗaya ya fi ɗaya!"

Amai Soko ta yi wani sauti, ba kuka ba, ba dariya ba, sai kuma ya zama duka biyun. Ta rungume ƙafafun Banakulu, fari fat kamar an tono ta daga buhu, tana cewa, "Biri, biri, ina kika shiga?" Matan Bemba da suka kwana biyu suna jira suka yi kan buhun gari. Kafin a fita da gawa ba Ngoni ɗaya da ya rage baƙi. Yotamu ma, yana tsakiyar cin nshima, Banakulu ta shafa masa gari a ƙeya ta ce, "Wannan kwat ɗin ba sai an faɗa mini wanda ya ɗinka ba." Iyakar abin da ta ce masa ke nan. Ya dubi hannayen kwat ɗin, ya kifa kai a gwiwa ya yi kukan da bai yi ba tun da ya sauka.

Ranar Laraba aka kira majalisa. Dattijo Simfukwe ya zo da takarda, ya karanta zagi goma sha ɗaya, a kan mamaci, a gaban shaidu, har da mala'iku a ciki. Bai gama ba sai ga Amai Soko da baƙaƙen kayan takaba, ita da ba 'yar cocinmu ba, ta ce ita ma ƙara ta kawo. Ta ce wata biyar wannan coci ya hana ta gaisuwa, ya sa maƙwabciyarta tana yi mata "lafiya lau" kamar ma'aikaciyar asibiti, kuma in ana neman wanda aka zalunta a Chifubu, ga ta.

Fasto Mubita ya tambayi Simfukwe ko a cikin sha ɗayan nan akwai wanda ya ji wa wani ciwo. Simfukwe ya ce ba maganar ciwo ake yi ba, maganar doka ake yi. Fasto ya juya ga Banakulu.

"Kaka, an ce baƙon nan ya kira ki mayya a gaban jama'a. Kina da abin da za ki mayar masa?"

"Ina da shi, Fasto."

"Gaskiya ne abin?"

"Tsantsarta."

"To me ya hana ki?"

Ta ce, "Da farko rigar ce. Amma da na buɗe baki sai na ga yaron nan tsoro ne da baƙin ciki suke cinsa. In na faɗa, na kashe shi a tsaye, kuma ba zai ta da ɗan'uwansa ba. Sai na tuna abin da ka tambaye ni a bakin ƙofa. Ashe ba amsa ya rasa ba, Fasto. Mu ya tausaya wa."

Aka yanke cewa za a mayar mata da rigarta. Simfukwe ya dage sai an ƙara mako ɗaya saboda mala'iku, aka ba shi. Ranar da aka buɗe kabad ɗin aka tarar ɓeraye sun cinye hannun rigar na dama. Banakulu ta ɗauke ta ta wuce kai tsaye bakin shinge ta ɗaga ta ce, "Fito ki ga abin da miyarki ta yi mini." Amai Soko ta karɓa, ta zauna a kan keken mijinta ta gyara. Hannun ya fito ya gaza ɗayan da yatsa uku. Haka Banakulu ta sa ta shekara tara, kuma da ita muka binne ta.

Ba zan ce ta zama salihar tsohuwa mai shiru ba, don ƙarya ne, kuma mutanen Chifubu suna da rai. Amma daga lokacin, kafin ta saki magana takan ɗan tsaya, kamar mai duba ko akwai yaro a hanya kafin ta watsa ruwan zafi. Wani lokacin ta watsa. Sau da yawa ta mayar.

Wata ranar Asabar da la'asar, ana saura 'yan makonni in gama makaranta, ta same ni a gindin mangwaro ina rubutu a littafin dangi. Ta tambaya ko ita ma tana ciki, na ce tana ciki. Ta zauna, ta waiga hagu da dama, ta ja kunnena ta raɗa mini abin da ta so ta faɗa wa Yotamu. Sai da na toshe bakina da hannu biyu.

Ta ce, "Kin ji ko? To ga abin da nake so. In kin zo rubuta labarin ranar nan, kar ki ce haƙuri ne da ni, kowa ya san ba ni da shi. Ki rubuta cewa ina da amsa, a shirye, a kan harshe, kar jikoki su zaci bakina ne ya mutu. Amma amsar kanta, jikata, kar ki rubuta ta. Yotamu ma yana da jikoki."